Ons Jabeur: Shekaru Shida a Inuwa, Wasan Ƙarshe Uku Ba Kofi

Ranar Asabar 15 ga Yulin 2023 an ja rufin babban filin Wimbledon da ke Landan saboda iska mai ƙarfi da ake yi a waje. Ons Jabeur, 'yar wasan tanis ta Tunisiya, ta fito wasan ƙarshe na gasar karo na biyu a jere, kuma kusan kowa ya riga ya miƙa mata kofin tun ba a buga ƙwallon farko ba. Dalili a fili yake. Kafin ta iso nan ta kayar da mata huɗu a jere waɗanda kowaccensu ta taɓa cin babbar gasa, wato ɗaya daga cikin manyan gasannin tanis huɗu na duniya: Bianca Andreescu, Petra Kvitova, Elena Rybakina da Aryna Sabalenka. Wadda ta rage mata, Marketa Vondrousova ta Jamhuriyar Cek, ta 42 ce a duniya, ba ta ma cikin gwanaye 32 da ake ware wa matsayi a jadawalin gasar. Cikin sa'a ɗaya da minti 20 aka tashi, 6-4, 6-4, Vondrousova ta ɗaga farantin da ake ba zakarar mata a matsayin kofi. Jabeur ta karɓi na ta biyu tana kuka, ta ce wa jama'a wannan ce faɗuwa mafi ciwo a duk rayuwarta ta wasa.

An yi ta cewa tsoro ne ya kama ta, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai tsoro yana da asali. Wanda ke son ya fahimci nauyin da ke kan hannunta a wannan yammaci dole ya koma baya shekara goma sha biyu, ya duba yadda yarinyar da ta fi kusan duk sa'o'inta baiwa ta makara wajen isowa inda baiwar ta cancanta.

Filayen otel

An haife ta ranar 28 ga Agustan 1994 a Ksar Hellal, ta tashi a Susa, garin bakin teku da ke rayuwa da masu yawon buɗe ido. Mahaifiyarta, mai buga tanis don nishaɗi, ita ta ɗora mata raket a hannu tana shekara uku. Kocinta na farko, Nabil Mlika, ya riƙe ta tun tana shekara huɗu har ta kai goma sha uku, kuma a farkon wannan lokaci kulob ɗinsu ba shi da fili nasa, sai dai su je filayen otel-otel da aka gina domin baƙi. Tana shekara goma sha biyu ta bar gida ta koma makarantar wasanni ta El Menzah a birnin Tunis, daga baya ta yi atisaye a Beljiyam da Faransa.

A 2010 ta kai wasan ƙarshe na ƙananan 'yan wasa a gasar Roland Garros ta Faransa, Elina Svitolina ta Yukren ta doke ta. An yi mata tiyata a wuyan hannu, ta yi watanni ba ta wasa, ta dawo a 2011 ta ci kofin bayan ta kayar da Monica Puig. A wannan shekarar ce kuma juyin juya hali ya kori Shugaba Ben Ali daga mulki. Ƙasar da ke neman yadda za ta tsaya da ƙafarta tana da abin da ya fi tanis damunta.

Shekarun da ba a nuna su a talabijin

A nan ainihin lamarin yake. Svitolina, wadda suka kara a 2010, ta shiga sahun 'yan wasa 100 na duniya a 2013, kuma a 2015 tana cikin 20 na farko. Puig ta ci zinare a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Jabeur kuwa sai a 2017 ta leƙa cikin 100, shekara shida cur bayan kofinta na ƙuruciya.

Wanda bai san yadda sana'ar tanis take ba zai ɗauka shekara shida jinkiri ne kawai. Ɗan ƙwallon ƙafa yana da kulob mai biyansa albashi, ya ba shi koci da likita, ya kai shi filin wasa ya dawo da shi, ko an ci ko an faɗi. Ɗan tanis shi ne kamfanin kansa. Shi zai sayi tikitin jirgi, ya biya ɗakin kwana, ya biya koci tare da tikitinsa da abincinsa, ya biya mai ɗaura wa raket zare, kuma abin da zai samu ya dogara ne kan zagaye nawa ya tsallake a wannan makon. A ƙananan gasannin da Jabeur ta daɗe tana yawo a cikinsu, jimillar kuɗin da ake raba wa dukan 'yan wasa dala 10,000 ce ko 25,000. Wadda aka fitar a zagayen farko sau da yawa abin da ta karɓa bai biya kuɗin zuwanta ba.

Ga kuma tsarin maki. Matsayin ɗan wasa a duniya ana lissafa shi ne da makin da ya tara cikin makonni 52 da suka wuce, duk makin da ya shekara sai ya zube. Matsayi ne ke buɗe ƙofar manyan gasanni, manyan gasanni kuma su ke ba da maki mai yawa da kuɗi mai kauri. Wanda ke ƙasa yana bukatar maki don ya shiga, yana kuma bukatar ya shiga don ya samu maki. Hanyar tsallake wannan tarko ita ce katin alfarma da masu shirya gasa ke bai wa wanda suka ga dama, kuma a bisa al'ada 'yan ƙasarsu suke fara dubawa. Faransa, Birtaniya, Amurka da Ostireliya kowacce tana da ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu da ake kira Grand Slam, ribar gasar kuma tana komawa ga hukumar tanis ta ƙasar, ta ɗauki nauyin matasanta. A Wimbledon ta 2023 wanda aka fitar a zagayen farko ya tafi da fam 55,000. Ke nan kati ɗaya tak yana iya riƙe matashi na tsawon watanni. Tunisiya a wancan lokaci ba ta da gasar mata ta babban mataki ko ɗaya da za ta raba kati. Gasannin Doha da Dubai sun riƙa ba ta dama, kuma a yaba musu, amma mako ɗaya ko biyu a shekara ba ya gina sana'a.

Ba za a ɗora wa rashin kuɗi komai ba. Jabeur tana da nata laifin, ko kuma a ce baiwarta ta zo da nata sharaɗin. Yarinya ce da hannunta ya iya abu goma a inda wasu suka iya biyu, kuma mai zaɓi goma ya fi mai zaɓi biyu saurin zaɓar kuskure. Ƙarfin jikinta a shekarun nan bai kai na manyan 'yan wasa ba, raunuka sun yi ta katse ta, ta kuma sha sauya masu horarwa. A ganina duka waɗannan suna komawa wuri ɗaya: 'yar wasa irinta tana bukatar tawaga mai ɗorewa da za ta yi haƙuri da salonta har ya nuna, tawaga mai ɗorewa kuwa kuɗi ke riƙe ta.

A 2017 abubuwa biyu suka haɗu. Asusun da manyan gasannin huɗu suka kafa don tallafa wa 'yan wasa daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya ba ta dala 50,000. Sannan a Roland Garros ta faɗi a wasan share fage na ƙarshe, amma wata 'yar wasa ta janye, aka ba ta gurbin. Ta shiga ta bayan fage ta kayar da Dominika Cibulkova, wadda ke cikin goma na farko a duniya, ta kai zagaye na uku, abin da wata Balarabiya ba ta taɓa yi ba a babbar gasa. A shekarar ce kuma mijinta Karim Kamoun, tsohon ɗan wasan takobi da ta aura a 2015, ya zama mai kula da motsa jikinta. Mutum ɗaya ya zama miji, abokin tafiya da ma'aikaci, kuma ba sai an faɗa ba, hakan ya rage kashe kuɗi.

Hawa

Daga nan tafiyar ta miƙe. Wasan ƙarshe a Mosko a 2018, inda Daria Kasatkina ta doke ta. Zagayen 'yan takwas a gasar Ostireliya ta 2020, bayan ta kayar da Caroline Wozniacki a wasan da Wozniacki ta yi bankwana da shi a lokacin. A wannan shekarar ta ɗauki ɗan ƙasarsu Issam Jellali a matsayin koci, tawagar ta zama ta 'yan gida, masu magana da harshe ɗaya. A watan Yunin 2021 ta ci kofinta na farko a Birmingham, a kan Kasatkina ɗin dai. A Oktoba ta shiga goma na farko a duniya, matsayin da babu Balarabe, namiji ko mace, da ya taɓa takawa. Kafin ita, Younes El Aynaoui na Maroko ya tsaya a na 14, 'yar ƙasarsu Selima Sfar kuma a ta 75. A Mayun 2022 ta ci Madrid, a Yuni ta ci Berlin, ta zama ta biyu a duniya.

Abin da ya sa jama'a suka ƙaunace ta sai an gani da ido. Tanis na mata a wannan zamani ya koma na dogaye masu narka ƙwallo daga layin baya. Jabeur tsayinta mita 1.67 ne. Za ta ja raket baya, ta juya kafaɗa kamar mai shirin sakin duka, abokiyar karawa ta ja da baya ta kafa ƙafa tana jiran wuta. A daidai lokacin da raket zai haɗu da ƙwallo sai ta sassauta yatsu, ta shafi ƙasan ƙwallon, ta tsallake raga da ƙyar ta faɗi nan kusa, ta ƙi tashi. A kan filin ciyawa irin na Wimbledon, inda ƙwallo ke zamewa ƙasa-ƙasa, wannan bugu guba ne. In abokiyar ta sheƙo da gudu ta tsamo ta, sai ta tarar an ɗaga mata ƙwallon ta saman kai. Amma irin wannan wasa na hannu mai laushi ne. Mai dukan ƙarfi in jikinsa ya ɗaure yana iya ƙara ƙarfi ya tsira. Mai shafa in yatsunsa suka sandare ko kaɗan, ƙwallon ko ta mutu a raga ko ta tashi sama ta zama kyauta.

A Tunisiya suka raɗa mata suna Ministar Farin Ciki. A lokacin ƙasar na fama da tsadar rayuwa da rikicin siyasa, ita ce labari mai daɗi da ake jira. Ta karɓi sunan hannu biyu, tana yawan cewa tana wasa ne don Tunisiya, don Larabawa, don Afirka. A Oktoban 2022 aka fara gasar mata ta babban mataki a Monastir, kusa da inda ta tashi.

Uku a cikin wata goma sha uku

Wasan ƙarshenta na farko a babbar gasa, a Wimbledon, ya faɗo ranar 9 ga Yulin 2022, ranar Babbar Sallah. Kwana biyu kafin nan ta kayar da ƙawarta Tatjana Maria ta Jamus, uwar 'ya'ya biyu, sannan ta kamo hannunta ta jawo ta tsakiyar fili don jama'a su tafa mata. A gaban Rybakina ta ci turmin farko 6-3 (wadda ta fara cin turmi biyu ita ke da wasa) tana wasa kamar ba abin da ke gabanta. Daga nan Rybakina, doguwa mai sabis (bugun fara wasa) kamar harsashi, ta daidaita hannu, ta fara karanta gajerun ƙwallayen, ta ci 6-2, 6-2. Bayan wasan Jabeur ta nuna wa 'yan jarida wayarta: hoton farantin Wimbledon ne a fuskar wayar. Wani abin takaici kuma, a shekarar ba a ba da maki a gasar ba, saboda Wimbledon ta hana 'yan Rasha da Belarus shiga, hukumomin wasan suka mayar da martani da janye makin. Maki 1,300 na mai zuwa wasan ƙarshe suka bi iska.

Na biyu, a babbar gasar Amurka da ake yi a New York cikin Satumba, bai bukatar dogon bayani. Iga Swiatek ta Foland ita ce ta ɗaya a duniya, ta ci wasa 37 a jere a wannan shekarar. Ta yi nasara 6-2, 7-6. Wanda ya fi ka ya fi ka.

Na uku shi ne wanda ba shi da uzuri irin wannan, shi ya sa ya fi ciwo. Shekarar 2023 ta fara mata da tiyata bayan gasar Ostireliya, ta dawo ta ci Charleston, ta sake jin rauni a ƙafa. Duk da haka ta iso Landan ta rama a kan Rybakina, ta farfaɗo a gaban Sabalenka bayan an ci ta turmin farko. Akwai gargaɗi guda da mutane da yawa suka tsallake: Vondrousova ta doke ta sau biyu a wannan shekarar, a Melbourne da Indian Wells. Bahaguwa ce, ita ma mai yanka ƙwallo da sauya gudu. Masu dukan ƙarfi suna ba Jabeur gudun da take juyawa ta yi amfani da shi. Vondrousova ba ta ba ta komai, sai dai ta mayar da ƙwallo, ta sake mayarwa, ta bar ta da tunaninta. Rufin da aka ja ya kawar da iska, fili ya zama lumui, abin da ya dace da mai mayarwa.

Jabeur ta yi gaba 2-0, aka kamo ta. Ta sake yin gaba 4-2, sai ta zubar da gem huɗu a jere (gem-gem ake ƙirgawa a cikin turmi), turmin ya tafi. A turmi na biyu ta kai 3-1, nan ma ya zube. Kurakuran da ta yi da kanta, ba tare da an matsa mata ba, sun kai 31, na abokiyarta 13. Wanda ya kalli wasan ya ga ƙafafunta sun yi nauyi, tana isa ga ƙwallo a makare da rabin taki, tana buga cinyarta da hannu kamar mai tayar da wanda ya yi barci. Bugun bayan hannunta ya yi ta shiga raga.

Sai daga baya, a wani shiri da aka yi kan rayuwarta, ta faɗi abin da ba a sani ba. Ita da mijinta sun shirya cewa in ta ci wannan kofi za ta tsaya ta haihu. Da kofin ya kuɓuce, shirin ma ya tafi tare da shi. Ke nan a wannan yammaci tana ɗauke da fatan ƙasa, da tarihin zama mace ta farko daga Afirka ko ƙasashen Larabawa da za ta ci babbar gasa a wasan ɗaya-da-ɗaya, da faɗuwa biyu na 2022, da kuma ɗan da take so. Duk a kan hannun da aikinsa ke bukatar ya saki jiki.

A duba shekaru. Rybakina tana da 23 ranar da ta doke ta, Swiatek 21, Vondrousova 24. Jabeur tana da 27 a wasan farko, 28 a na biyu da na uku. Masu ba ta baki sun yi ta kawo misalai, kuma misalan gaskiya ne: Chris Evert ta faɗi a wasan ƙarshe uku na farko, Kim Clijsters huɗu, Simona Halep uku, duka kuma suka ci daga baya. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne Evert ta ci nata tana 19, Clijsters tana 22, Halep tana 26. Sun yi faɗuwarsu da wuri, suna da shekarun da za su koya daga gare ta. Wadda ta fi kama da Jabeur ita ce Jana Novotna, da ta yi kuka a kafaɗar matar Duke na Kent a 1993 ta dawo ta ci a 1998 tana 29, amma Novotna ta shafe shekaru masu yawa a saman kafin nan. Jabeur ta kashe shekarun koyon faɗuwa a filayen da ba kowa, tana neman kuɗin tikiti. Da ta iso babban fage agogo biyu suna bugawa a kanta lokaci guda, na jikin 'yar wasa da na mace mai son haihuwa, kuma kowane wasan ƙarshe ya zama kamar shi ne na ƙarshe.

Bayan Landan

Ta ci kofi na biyar a Ningbo ta ƙasar Sin a Satumban 2023. A Nuwamba, a gasar gwanaye takwas da aka yi a Cancun ta Meziko, ta kayar da Vondrousova, amma da aka miƙa mata makirufo sai ta fashe da kuka kan yaran da ake kashewa a Gaza, ta ce za ta ba da wani kaso na kuɗin da ta ci don taimakon Falasɗinawa. A farkon 2024 Hukumar Abinci ta Duniya ta naɗa ta jakadiyarta.

Jiki kuwa ya fara karɓar bashinsa. Gwiwa ta hana ta zuwa Olamfik ta Paris a 2024, saboda sauyawa daga ciyawa zuwa jar ƙasa sannan zuwa fili mai tauri cikin 'yan makonni. Kafaɗa ta sa ta rufe kakar tun a Satumba. Tsarin makonni 52 ba ya jiran mai jinya, makin da ta tara suka yi ta zubewa, matsayinta ya yi ƙasa. A Wimbledon ta 2025, wurin da ta kai wasan ƙarshe sau biyu, ta janye ana tsakiyar wasan zagayen farko da Viktoriya Tomova ta Bulgeriya. Cikin watan Yulin ta sanar cewa za ta ajiye raket na wani lokaci. Ta ce shekara biyu tana tilasta wa kanta tana fama da raunuka, kuma ta jima ba ta ji daɗin zama a fili ba. Wannan daga bakin Ministar Farin Ciki.

A Nuwamban 2025 ta sanar cewa tana da juna biyu. Dokar hukumar tanis ta mata, tun daga 2019, tana bai wa mai jego damar amfani da tsohon matsayinta don shiga wasu gasanni har zuwa shekara uku bayan haihuwa, kuma a Maris na 2025 aka ƙara da hutun haihuwa mai biya har na wata goma sha biyu. Svitolina, wadda ta doke ta a Paris suna yara, ta bi wannan hanya: ta haihu a Oktoban 2022, wata tara bayan nan ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon ta 2023, inda Vondrousova ta fitar da ita kwana biyu kafin ta gamu da Jabeur.